Wayar da ke Bayan Kabad

A mako na uku na koyon haɗa kwamfutoci, malami ya shigo aji ya ce na'urar buga takardu ta daina jin maganar kwamfutoci shidan da ke ɗakin.

"Ku nemo dalili," ya ce, ya buɗe jarida.

Ɗalibai suka yi ca a kan kwamfuta ɗaya. Wanda ake wa laƙabi da Injiniya saboda cika baki ya canza adireshin na'urar sau uku. Wani ya kashe komai ya sake kunnawa. Shiru kake ji.

Akwai wata dattijuwa a ajin, tela ce da ciwon gwiwa ya raba ta da keken ɗinki. Ta kama wata shuɗiyar waya da ta fito daga bayan na'urar, ta durƙusa da ƙyar, tana bin ta da yatsu ta gindin bango har bayan kabad. Can ta tarar kan wayar ya ɗan zame daga raminsa. Ta tura shi, na'urar ta fara aman takardu.

"Inna, wa ya koya miki?" in ji Injiniya.

"In keke ya ƙi ɗinki, zare nake fara bi, ɗana."

Malami ya ninke jarida. Shi ya zare wayar da safe, kamar yadda yake yi wa kowane aji.

"Bara har aka tashi ba a gano ba," ya ce. "Duk gwiwarsu lafiya lau, amma ba wanda ya durƙusa."