Yadda Kakana Ya Koma Lamba Uku

Jiya da daddare mafarki ya kai ni wata ƙasa inda jiragen ƙasa ke zaune wuri ɗaya, tashoshi ne ke tahowa su same su. Jiragen ba su fi burodi girma ba, irin na wasan nan masu tafiya da lantarki a kan siririn dogo. Hayaƙi kuma daga sama yake saukowa ya shige cikinsu. Ban yi mamaki ba. Ni da na zauna mace ɗaya tilo a ajin lantarki, maza suna ce mini in je in koyi suyar cincin, na ƙona yatsuna da dalma har suka daina jin zafi, ba hayaƙi ne zai girgiza ni ba.

Kakana, Malam Sambo, yana tsugune a gefen dogo. Tsohon direban jirgi ne, kuma tun da ya ajiye aiki ba shi da abokin hira kamar wani ɗan koren kan jirgi. An kira lambar jirgin, ko motsi bai yi ba.

"Amarya, zo ki ga abokina," in ji Kaka. "Ya daina amsa sallama."

"Ƙwaƙwalwarsa ce ta rikice, angona. Ai na hana ka latse-latse."

Kowane kan jirgi yana da 'yar ƙwaƙwalwa kamar farce, mai ɗakuna da yawa. Wannan ɗaki na riƙe da lambarsa, wancan saurinsa, wani kukansa.

Sai ga shugabar tasha, wata zabuwa da jar hula.

"Duk wanda bai amsa kira ba in tasha ta iso, butar shayi muke yi da shi," ta ce. Na hango tashar can nesa tana tafe, da masu sayar da rake a kanta.

"Hajiya, zan gyara shi."

"Ke? Ina namijin da ya aiko ki?"

"Yana gida cikin duhu, yana jiran in koma in gyara masa fitila."

Sai ga mu a wani guntun dogo da aka keɓe don yi wa jirage karatu. Dokarsa ɗaya ce: duk abin da ke taɓa dogon, saƙo zai shige shi, shi ya sa ake ɗora jirgi ɗaya tak. Maganin rikici kuwa a rubuta takwas a ɗaki na takwas, sai ƙwaƙwalwa ta manta komai, ta koma lamba uku kamar ranar da aka ƙera ta.

"Kaka, matsa baya."

"Na matsa."

Na latsa maɓallan na'urar aika saƙo. Jirgin ya ɗan zabura, alamar ya karɓi saƙo. Kaka ma ya zabura. Ashe direba ba ya barin kan jirginsa a hannun mai gyara: ya saƙalo babban yatsan ƙafarsa ta ƙarƙashin riga ya ɗora a kan dogo.

"Kaka?" Na taɓa kafaɗarsa. "Malam Sambo?" Ya kalle ni kamar yana kallon bango.

"Uku?" na ce a hankali.

"Na'am," suka amsa tare, shi da jirgin.

Daga nan ya zura da gudu, don har birkinsa na goge. Sai da ya zaga wani mangwaro mai 'ya'yan ƙwan fitila sannan na cafko bakin rigarsa.

"Jirgi dai ya tsira, tunda yana amsawa," in ji zabuwa. "Amma tsohon nan Sambo zan kira. Zai yi buta mai kyau, ta gidan biki."

Na ɗauke jirgin, na tsayar da Kaka a kan dogo, na fara mayar da shi ɗaki bayan ɗaki. Na sa sunansa, ya zabura. Na rage masa sauri, na mayar masa da ɗingishin gwiwar hagu. Na sa masa birkinsa, irin na mutumin da zai fara sallama a zaure ya ƙarasa ta a bakin titi. Maɓallan sun zama garwashi, ban ɗauke hannu ba. Na sa tarin da yake yi kafin bisimilla, da ƙiyayyarsa da kuɓewa ɗanya. Tasha ta matso har ina jin ƙamshin tsire.

Saura ɗaki ɗaya, wanda ke riƙe da yadda yake gani na.

"Ba mai kallo," zabuwa ta raɗa mini. "Sa abin da ranki ke so."

Na daɗe ina jiran wani a gidanmu ya kira ni da abin da na sha wuya na zama. Na rubuta. Kaka ya zabura, ya cire hula, ya rusuna.

"Ranki ya daɗe, Injiniya. Me za a kawo miki?"

Wannan mutumin ladabi gare shi, amma ba kakana ba ne. Na goge. Sai na ga ban san abin da ke cikin ɗakin tun asali ba, don bai taɓa gaya mini ba. Na bar shi fayau, na janye hannuna.

Tasha ta iso ta tsaya a gabanmu tana haki. Zabuwa ta gyara hula.

"Sambo!"

Kaka ya yi tari. Ya ɗauki jirginsa ya goge shi da hannun riga, sannan ya dube ni daga sama har ƙasa.

"Na'am. Hajiya, kin ga yarinyar nan? Ba kunya, ba tuwo, sai taurin kai. Amma in na sake lalacewa, kada a kai ni wurin kowa. Ita za a kira."

Na buɗe baki zan rama, sai injin niƙan maƙwabtanmu ya tashi, na farka.