Tohon Itacen Samaniya

A ƙungiyar masu karatun labaran sararin samaniya ta unguwar Belleville da ke Paris, kowa da abin da yake faɗa a kan Mai Moussa. Luba ta ce shi kaɗai ke kai littafi har bangon ƙarshe, ko da zai yi wata uku yana bin layi da yatsa, don sai da ya haura hamsin ya shiga makarantar manya. Hafiz, shugabansu, cewa yake shayi ne ke kawo tsohon.

Ran Asabar su bakwai suka hau jirgin ƙasa daga Paris zuwa Lyon, don ganin wani itace da aka kai irinsa sararin samaniya, aka dawo da shi aka shuka a wani lambu.

"Baba, in an zo hoto, kai za ka riƙe mana jakunkuna," in ji Hafiz. Aka yi dariya.

Kututture suka tarar, da jan fenti a kansa. Ma'aikaciyar lambun ta ce guguwa ce ta karya itacen, ran Litinin za a tumɓuke abin da ya rage.

"Voilà, ga shi nan," in ji Luba. "Tun daga Paris don mu gai da gungume."

Mai Moussa ya ajiye jakunkunan da aka riga aka ɗora masa, ya durƙusa. Ya kankare ɓawon da farce, sai ga kore. A gindin kuma toho bakwai ne, sirara, suna cunkushe da juna.

"Hafiz, gaya mata bai mutu ba."

"Haba Baba! Mutanen nan karatun abin suka yi. Nan ba gonar Maraɗi ba ce, kar ka ba mu kunya."

Tsohon ya juya. "Luba, ɗiyata, ara mini bakinki."

Ya yi magana a hankali, Luba na mayarwa da Faransanci. A garinsu ba a tone kututture. Saiwa na nan da ƙarfinta, tohon ne suka yi mata yawa. A bar biyu masu ƙwari, a cire sauran, a kafa musu sanda.

"Da hannun nan na tayar da itacen gawo ya fi ɗari," ya ce.

Ma'aikaciyar ta kira shugabanta. Ya zo a kan keke, ya saurara, ya ɗaga kafaɗa, ya ce abin da za a jefar jibi ba a jin tsoron taɓa shi. Ya miƙa almakashinsa.

Mai Moussa ya yi bismilla. Sau biyar ya yanka, kowanne a karkace don kada ruwa ya kwanta. Shugaban lambun ya sunkuya ya daɗe yana duba yankan. Da ya miƙe, sai ya ce an fasa aikin Litinin, kuma yana son mutumin nan ya dawo bayan wata shida. Ya buɗe littafinsa yana tambayar suna.

Luba ta kai hannu ga biron. Mai Moussa ya riga ta. Harafi bayan harafi ya rubuta, kowa na tsaye yana jira.

Da aka zo hoto, aka sa shi a tsakiya, kusa da toho biyun. Hafiz ya tattara jakunkunan ya rataya, ya tsaya gefe.

"Shigo mana," in ji tsohon.

Hafiz bai motsa ba. Ya gyara murya yadda duk za su ji.

"Baba, na yi maka rashin kunya tun daga jirgi. Ka yafe mini."