Takardar Shaida daga Darakta

"Rubuta," in ji Darakta, yana zagaya teburin, hannuwansa a baya. "Ga duk wanda abin ya shafa. Wannan yarinya mun san ta."

Sakatariya ta buga, ta ɗaga yatsu tana jiran sauran.

"Shi ke nan, Yallaɓai?"

"Me kike so kuma? Ƙarya na yi? Ba mu san ki ba?"

Shagon buga takardu ne, ɗaki ɗaya, kwamfuta ɗaya, firinta, da injin fotokwafi mai haɗiye takarda in ransa ya ɓaci. Mai shagon shi ya naɗa kansa Darakta, ita kuma ya naɗa ta Sakatariya ranar da ta fara neman ƙarin albashi. Da ta sake nema sai ta zama Babbar Sakatariya, ko da yake babu ƙarama. Yanzu wani asibiti ya ɗauke ta aikin ajiye bayanan marasa lafiya, albashinsu ya ninka nata uku. Abu ɗaya ya rage, takardar shaida daga inda take aiki, kuma sai ta kai kafin ƙarfe huɗu na yau. Darakta bai iya kwamfuta ba, don haka ita ce za ta buga shaidar kanta da yatsunta.

"Ci gaba," ya ce. "Tana makara wajen zuwa aiki."

"Yaushe, Yallaɓai?"

"Ranar Laraba."

"Ranar da ka aike ni na karɓo maka maganin hawan jini?"

"Ai dai ba ki zo da wuri ba. Rubuta. Kuma tana mayar da magana."

"Shi ma in sa?"

"Ka ji ko, Malam? Ga shi nan tana yi!"

Wanda ya kira shaida tsohon malamin makaranta ne da ke zaune a benci tun azahar, yana jiran a yi masa kwafin takardun fansho. Tsohon ya gyara tabarau.

Darakta ya jawo kujera ya zauna kusa da ita, ya sassauta murya. "'Yata, asibiti fa wurin cuta ne. Kowa na tari. Ki zauna, daga yau kin zama Mataimakiyar Darakta. Zan sa a rubuta a ƙofa."

"Na gode, Yallaɓai. Sai dai mai gidan hayarmu ba ya karɓar muƙami. Umma ta gwada shi da Babbar Sakatariya, ya ce a ba shi kuɗinsa."

Ya miƙe a fusace. "To karanta min abin da muka rubuta."

Ta karanta. Layi uku ne kacal. Agogon bango ya nuna uku saura kwata. Da safe Umma ta goge mata kayan da za ta saka ranar farko, ƙannenta har sun sanar da maƙwabta. Da wannan takarda ko mai gadin asibitin ba zai buɗe mata ƙofa ba.

Tsohon malamin ya yi gyaran murya. "Ni dai da ni ne likitan da zai karanta takardar nan, ba yarinyar zan duba ba. Cewa zan yi, wane irin shago ne wannan da ya riƙe mutum shekara da shekaru bai koya masa komai ba sai makara? Lalle mai shagon bai san aikinsa ba."

Darakta ya juya a hankali. "Wa bai san aikinsa ba?"

"Likitan ne zai faɗa, ba ni ba."

"Goge! Goge duka!" Ya buga tebur har firinta ta motsa. "Rubuta: ni da kaina na koya mata duk abin da ta sani."

"Har kwamfutar, Yallaɓai?"

"Wa ya sayi kwamfutar?"

Ta buga. Daga nan bakinsa ya buɗe. Ta fi kowa sauri a layin nan. Ita kaɗai ce ke iya karanta rubutun hannunsa, abin da ko matarsa ta gaza. Ko allura ba ta taɓa ɓata a hannunta ba. Ranar da ruwan sama ya malalo cikin shagon, ita ta ɗora kwamfutar a ka ta tsaya a kan kujera har ruwan ya janye. Da ya kwanta jinya wata biyu, ya dawo ya tarar da shago a buɗe, kwastomomi sun ƙaru. A nan ya dakata, ya ciro hankici ya share ido, ya ce fankar nan ce ke watsa ƙura.

Takardar ta cika shafi biyu. Ya sa hannu, ya buga mata hatimi har uku, wai don likitan ya san da wa yake magana.

Ta rataya jaka za ta fita, ya ce, "Tsaya. Minti biyu. Buga min sanarwar neman wadda za ta gaje ki."

Ta koma ta zauna, ido a kan agogo.

"Ana neman ma'aikaciya. Ta iya kwamfuta. Ta iya fotokwafi, ta iya gyara injin in ya haɗiye takarda. Ta iya ta da janareto. Ta share shago, ta buɗe da bakwai ta rufe da shida, har Asabar. Ta iya haƙuri da kwastoma."

"Da Darakta," in ji tsohon malamin.

"Albashi fa, Yallaɓai?"

"Sa irin naki."

Ta sa, ta fitar da takardar ta miƙa masa. Ya nisanta ta da idonsa ya karanta daga sama har ƙasa, leɓensa na motsi. Da ya kai layin ƙarshe sai ya yi tsaki.

"Kai, wannan ai ba za a samu ba. Wane mai hankali ne zai yarda ya yi duk wannan a kan wannan kuɗin?"

Ya ɗago kai ya gan ta tsaye a bakin ƙofa, takardar shaidarta a ƙirji, tana kallonsa.

"Shekara shida, Yallaɓai," ta ce.

Sai ya laluba aljihu ya tako waje, ya tsayar da tasi da kansa, ya biya direban tun kafin ta shiga.

"Ka yi sauri da ita," ya ce. "Ba ta makara."