Agogon da ke Ƙirjin Baba

Shekara arba'in Baba yana gyaran agogo, kuma bai taɓa yarda wani ya fi shi sanin komai ba. Balle 'yarsa Auta, wadda har gobe kallon yarinyar da ta haɗiye masa noti yake yi mata, alhali shekararta tara tana aikin jinya a sashen masu ciwon zuciya. Abin da ya fi ɓata masa rai a duniya shi ne mutum ya ɗiga wa agogo man keken ɗinki, sannan ya kawo masa gyara.

Da murar nan mai shaƙe numfashi ta shigo gari, abokan hirarsa suka zama likitoci rana ɗaya. Tela ya ce kulorokwin ne maganinta, mai aski ya rantse a waya ya gani. Shi ke nan, Baba ya samo kwali biyu ya ɓoye cikin batura, yana sha safe da yamma, wai rigakafi.

Ran nan da hantsi Auta ta biyo ta shagon, ta tarar da shi ya dafe tebur, hantsakinsa a ƙasa. Ya ce jiri ne kawai. Ta ja aljihun tebur, sai ga kwalayen, ɗaya har ya ƙare. Ta san akwai haɗari, don shekara uku ke nan yana shan maganin daidaita bugun zuciya.

Ta yi masa bayani dalla-dalla. Ta ce an gwada maganin a kan masu murar, ba a ga amfaninsa ba. Yana sa zuciya jinkiri kafin ta shirya bugu na gaba, nasa maganin ma haka yake yi, in suka haɗu sai bugun ya rikice. Ga shi ba ya barin jiki da wuri. Baba ya taɓe baki, ya ce tun ba a haife ta ba yake shan sa, iyakarsa ƙaiƙayi.

Haushi ya kama ta, tsoro kuma ya fi haushin yawa. Sai ta daina musu. Ta ciro abin sauraron ƙirji daga jaka, ta maƙala masa a kunne, ta ɗora bakin abin a ƙirjinsa.

"Baba, gyara aka kawo. Saurara ka gaya min."

Ya lumshe ido yadda yake yi wa agogon mutane, yatsansa yana bin bugun a kan tebur. Ƙwas, ƙwas, ƙwas. Sai yatsan ya tsaya a sama. Ya sauko sau biyu a gurguje, ya sake tsayawa.

"Yana tsallake," ya ce a hankali.

"Mai shi ne ya ɗiga masa man da ba nasa ba."

Ya cire abin daga kunnensa. Ya kwashe kwalayen ya damƙa mata, ya rufe shago da rana tsaka, abin da ba a taɓa gani ba. Tela ya leƙo yana tambayar lafiya, Baba ya ce gyara zai kai.

A motar Auta, kan hanyar asibiti, yatsunsa na kan wuyan hannunsa. Mutum ne da kullum yake yi mata faɗan gudu.

"Auta, irin wannan ba a samun kayan gyaransa, ko?"

"Ba a samu, Baba."

Ya kalli titi, ya ce ta ƙara wuta.