Tsutsotsin Azariya

Shekarar da citta ta ruɓe a ƙasa, mazan unguwar bayan layin dogo a Kafanchan kowa da inda ya sa kansa. Wasu suka kama acaɓa, wasu suka kama bencin mai burkutu. Azariya kuwa sai ga shi ya dawo daga wata bita ta manoma da gwangwanin madara a hannu, ya lulluɓe shi da tsumma yana tafiya a hankali. Matarsa Afiniki ta ɗaga tsumman, ta ga jajayen tsutsotsi sirara suna murɗe-murɗe, ta ja tsaki. Ta tambaye shi ko abin da aka ga ya dace a ba mutumin da ya yi asarar gona biyu ke nan. Ya ce shi ke nan, kuma za ta gani.

To, ta gani ɗin. Ya samo rabin duron roba ya huhhuda gindinsa, ya ɗora shi bisa katako a inuwar mangwaro, can bayan ɗakin alade. Ƙafafun katakon ya tsoma su cikin gwangwanayen ruwa don kada cinnaka su hau. Ya shimfiɗa yagaggen kwali da busasshen ganye, ya yayyafa ruwa, ya juye baƙin nasa a ciki. Ni dai ban taɓa jin dabba mai tsirfa irin waɗannan ba. Ba su son gishiri, ba su son mai, barkono kuwa ajalinsu ne. Ɓawon lemo da albasa da nama duk ba a kai musu. Abincinsu ɓawon ayaba da na doya, da ganyen da aka tsince daga miya kafin ta hau wuta, wani lokaci da dakakken ɓawon ƙwai. Shi ma ba da yawa ba, cikin tafin hannu biyu, kuma sai an ga na baya ya ƙare. Shimfiɗarsu ta zauna da danshi kamar tsumman da aka matse, iska tana shiga, rana ba ta taɓa su.

Afiniki ta ce ko surukarta, Allah ya jiƙanta, ba ta kai su doka ba. Amma ita ke girki, ɓawo a hannunta yake, don haka tun tana kai musu da ƙunƙuni har ta zo ta fi mai su sanin halinsu. Da hanci take gane lafiyarsu. In duro yana ƙamshin ƙasar da ruwan farko ya daka, komai daidai. In ta ji ɗan tsami, sai ta ɗaga abinci kwana huɗu ta ƙara kwali.

Cikin shekara biyu gwangwani ya zama duro cike. Takin da suke fitarwa baƙi wuluk, mai laushi, Azariya ya gwada shi a kunya biyar na citta a bayan gida, suka yi kore shar har maƙwabtan da suka yi masa dariya a baya suka fara leƙe ta kan katanga. Takin zamani ya daɗe da fin ƙarfin gidan. Wannan duron shi ne takinsu na bana, kuma shi kaɗai ne, domin mutanen bitar sun tattara sun tafi, lambar wayarsu ma ba ta shiga. Azariya ya taɓa tono irin na bakin rafi ya gwada a wani bokiti, ba su yi mako ba suka mutu. Duk Kafanchan Afiniki ba ta san wani mai jajayen nan ba.

Ana cikin zafin watan Maris, saura kaɗan a fara shuka, Azariya ya faɗi a gona yana sharar ciyawa. Kafin a kai shi asibiti rai ya yi halinsa.

Aka sa gawa a mutuware, ɗakin ajiye gawa na asibiti, aka tsai da kwana goma kafin biso, saboda wansa da zai taso daga Legas. A danginsu kuwa matar mamaci tabarma take hawa a ƙuryar ɗaki, tsofaffin mata kewaye da ita. Ba ta aiki, ba ta leƙa tsakar gida, banɗaki ma sai da rakiya. Kuma ba ta buɗe baki a kan dukiya ko dabba har sai an rufe mijin an yi kwana uku. Afiniki ta hau tabarma, ta yi kuka har muryarta ta dushe. Shekara ashirin da shida suna tare, ba ƙaramin abu ba ne.

Matan Zumunta na cocinsu suka cika gida da manyan tukwane. Shugabarsu Mama Yemima ita ta riƙe madafa. Kada kowa ya ce mini matar nan muguwa ce, ban yarda ba. Ta bar gidanta, ta ɗaure zani a ƙugu da shekarunta saba'in, tun safe har yamma tana bakin murhu. Shekara talatin tana kiwon alade, kuma abin da kiwon ya koya mata ɗaya ne: dabba dai a cika mata ciki. A rana ta biyu aka yanka aladen gidan saboda baƙi. Da aka yanka shi, bokitin ragowar abinci ya rasa mai shi.

A rana ta uku da hantsi Afiniki ta jiyo muryar Mama Yemima ta taga, tana faɗa wa mata cewa kada wadda ta sake zubar da ragowa a bola. Ta ce marigayi ya bar dabbobinsa a duro, kuma abin kunya ne a ce Zumunta tana gidan nan sun kwana da yunwa. Matan suka amsa da gaskiya ne, Mama. Sai ƙarar bokiti, sai takun ƙafa ya nufi gindin mangwaro.

Afiniki ta san abin da ke cikin bokitin, ai ita ma an kawo mata shi a kwano: jalof mai manja, miyar karkashi da gishirinta da barkononta, romon alade, ɓawon lemon da baƙi suka sha. Ta yunƙura za ta tashi, wata tsohuwa ta dafa kafaɗarta ta zaunar da ita. Kusa da ita Jacinta ce zaune, yayar Azariya, wadda tun ranar farko take tambayar mutane a kaikaice me ƙanenta ya ci da safen da ya faɗi, kuma wa ya dafa. Afiniki ta san da tambayar. Duk da haka ta matsa kusa, ta yi ƙasa da murya, ta roƙe ta ta je ta ce musu su bar duron haka nan, abincin zai kashe tsutsotsin.

Jacinta ba ta yi ƙasa da tata muryar ba.

"Ƙanena yana kwance cikin ƙanƙara, ke hankalinki yana kan tsutsa? To, Allah yana gani."

Mata bakwai suka zuba wa Afiniki ido, kallon da ya fi zagi ciwo. Nan take ta ga yadda maganar za ta fita daga ɗakin, ta bi unguwa, ta shiga coci, ta dawo da ƙafafu da fukafukai. Za a ce matar da ba ta damu ba, daga nan a ce matar da ta san abin da ta yi. Baki shi ke yanka wuya. Tana da 'ya'ya mata biyu da za su yi aure a garin nan, kuma gidan da take zaune a filin dangin miji yake. Ta sunkuyar da kai ta ja bakinta ta rufe.

Ta ji haushin Jacinta, amma haushin kanta ya fi. Da bakinta ta iya kiran Mama Yemima ta yi mata bayani cikin kalma goma, matar ba mai gardama ba ce. Sau biyu Mama tana shigowa da kunu tana durƙusawa a gabanta, sau biyu Afiniki tana buɗe baki, sai ta ga idon Jacinta a kanta, ta karɓi kofin kawai. Kullum da hantsi da la'asar tana jin bokiti yana wucewa ta bayan taga. Masu zuwa gaisuwa suna ta ce mata ta yi haƙuri, Ubangiji ne ya bayar, shi ne ya karɓa. Tana amsawa da amin, kunnenta yana waje.

A rana ta shida wari ya fara shigowa ɗaki. Matan suka ɗora laifin a kan kayan cikin aladen da aka binne a bayan gida. Da ƙuda suka yi yawa a kan duron, wata mai dabara a cikinsu ta ce bai kamata baƙin Legas su tarar da gida haka ba. Afiniki tana ji aka nemo babbar leda, aka rufe bakin duron ruf, aka ɗaure da roba, aka danne da duwatsu. A zafin Maris, jama'a. Ranar ba ta iya haɗiye ko kunu ba, tsofaffin suka ce sai yanzu mutuwar ta shige ta.

Aka yi biso, coci ta cika, aka yi waƙoƙin da yake so. Aka yi kwana uku. Da safen rana ta huɗu tsofaffin suka naɗe tabarma suka ce ta iya fita. Ba ta tsaya neman takalmi ba.

Tun kafin ta kai gindin mangwaro warin ya tare ta. Ta ture duwatsun, ta yaye ledar, wani tururi mai ɗumi ya bugi fuskarta. Duron ya cika har baki da ruɓaɓɓiyar shinkafa, manja yana yawo a sama. A gefen bakin duron, nan inda ledar ta ɗaure, ga tsutsotsin sun taru jingim, sun hau neman hanyar fita ba su samu ba. 'Yan kaɗan da suka sulale ta hujin gindi sun bushe a kan ƙasa kamar zaren buhu. Ta naɗe hannun riga ta cusa hannu har gwiwa, abin da zafinsa. Ta tona nan, ta tona can, ta kwashe ta zubar, ta kai har shimfiɗar kwalin da ta zama kunu. Tana neman ko da guda goma ne, guda goma sun isa a sake farawa. Ko ɗaya ba ta samu da rai ba. Abin da ke motsi a ciki sai fararen tsutsotsin ƙuda, manya-manya, sun ƙoshi suna birgima.

Tana durƙushe a nan Mama Yemima ta iso, ta zo kwashe tukwanen Zumunta. Tana tafe tana jan ƙafa, ƙafafun sun kumbura saboda tsayuwar kwana goma sha uku, ga ƙunar mai a bayan hannunta an shafa mata shuɗin magani. Ta leƙa duron, ta ga fararen nan suna motsi, fuskarta ta washe.

"Kin gani ko, 'yata? Da na fara ba su abinci sirara ne, jajaye, kamar masu ciwo. Dubi yadda suka yi fari suka yi ƙiba."

Afiniki ta ɗaga kai ta dube ta. Yanzu babu Jacinta, babu tsofaffi, babu dokar da ta hana ta magana. Ta buɗe baki za ta faɗa mata gaskiya. Mama Yemima kuwa ta ci gaba, tana faɗi cikin jin kunya kamar mai tona asirin kanta, cewa ranakun da ragowar gidan nan ba ta cika bokiti ba, daga gidanta take ƙarowa. Aladunta ma ta rage musu, har sun rame. Ta ce Azariya ne ya gyara mata rufin ɗaki shekarar da mijinta ya rasu, bai karɓi ko ruwa ba, kuma ba ta da abin da za ta saka masa da shi sai wannan. Tana faɗi idonta yana kawo ruwa.

Me za ka ce wa irin wannan? Afiniki ta dubi ƙunar hannun, ta dubi ƙafafun. In ta faɗa, tsohuwar nan da abin za ta shiga kabari. In ba ta faɗa ba, ita za ta riƙe shi, ita kaɗai. Baƙin ciki ya cika ta, irin wanda ba shi da wanda za a kai wa ƙara. Ta goge hannunta a zani.

"Allah ya saka da alheri, Mama."

"Amin, 'yata. Kuma kada ki damu da abincinsu. Muddin ina numfashi, kullum zan kawo miki bokiti."

Washegari da sassafe, Afiniki tana wanke duron da toka, ta ji sallama a ƙofar gida. Mama Yemima ce da kanta, tana haki, bokiti a ka. Afiniki ta ɗauraye hannu ta fita, ta rusuna, ta sauke mata shi da hannu biyu.