Kek ɗin da Ba a Gasawa

A shekarar da gwamnatin soja ta ƙara wa ma'aikata albashi, kowa a Sakkwato ya sayi abin da ya daɗe yana buri. Wasu babur, wasu rediyo mai kaset, wasu fanka. Malama Asabe, mai koyar da ɗinki da girki a makarantar 'yan mata, firij ta saya. 'Yan dako suka turo shi a amalanke har gidan da take haya kusa da Ƙofar Marke, matan unguwa suka yi ta shigowa suna sa albarka.

Asabe 'yar Kagoro ce, kuma ita kaɗai take zaune. Mijinta Irmiya kuku ne a da, a gidan wani Bature injiniya. Da yaƙin basasa ya ɓarke, Baturen ya tattara ya koma ƙasarsu, Irmiya kuma ya shiga soja, aka sa shi dafa wa dakaru abinci. Ya zo hutu sau ɗaya, daga nan shiru. Yaƙi ya ƙare, masu dawowa suka dawo, wasu kuma aka zo aka faɗa wa iyalansu inda aka binne su. Shi kuwa babu gawa, babu labari. Ta bi bariki-bariki tana tambaya har ta gaji. Bayan yaƙin ne ta tare a wannan unguwa, saboda haka babu wanda ya taɓa ganin mijin a nan. In an tambaye ta sai ta ce, "Maigidana yana Kudu, bai dawo ba tukuna."

Katanga ɗaya ce tsakaninta da mai gidan hayar, Alhaji Lawwali, dattijo mai sayar da shadda da atamfa a kasuwa. Da bazara ta kama, ciwo ya kwantar da shi. Wata Asabar da hantsi matarsa Hajiya Delu ta yi sallama a ƙofar Asabe, idanunta sun faɗa.

"Malama, kin tashi lahiya?"

"Lafiya lau, Hajiya. Yaya jikin Alhaji?"

"Sai godiya. Amma ya ƙi cin komi. Hura munka dama mishi, kurɓi guda ya yi ya ture. Ya ce cikinai na ƙuna, abu mai sanyi shika so. Shi ne na ce bari in taho wajenki, ko za ki taimaka muna da ƙanƙara."

"Ƙanƙara kaɗai ba za ta riƙe shi ba, Hajiya. Ki miƙo mini kindirmo mai kyau, wanda bai yi tsami sosai ba. Zan haɗa masa wani abu."

Sai da maganar ta fita daga bakinta sannan ta gane abin da take nufin haɗawa. Akwai wani kek na askirim da Irmiya yake yi wa matar Baturen, wanda ba a gasawa, sanyi ne kawai yake ɗaure shi. Ranar da kek ɗin ya yi saura, sai Irmiya ya rufe yanka ɗaya a kwano ya sheƙo da keke, amma kafin ya iso gida ya narke, su zauna su sha shi da cokali ɗaya suna dariya. Ya bayyana mata yadda ake yi tun daga farko har ƙarshe, yana cewa, "Ranar da muka sayi namu firij, ke za ki yi mini." Tun da ta sayi firij ɗin ba ta gwada ba.

Hajiya ta miƙo ƙwaryar kindirmo ta kan katanga. Asabe ta sa wa ƙofarta sakata, domin zafin ya kai ga daga ita sai zani ɗaurin ƙirji. Ta zuba biskit a farin ƙyalle, ta naɗe, ta riƙa murza kwalba a kai har ya zama gari. Na Irmiya bota yake sha sosai, da kirim mai kauri irin na Turawa, wanda ko mai lafiya ya ci sai ya ji nauyinsa. Ita rabin botar ta narka, daidai yadda garin zai kama jikinsa. Ta cuɗa su, ta rage kaɗan, ta juye sauran a tasa, ta danne da bayan cokali, ta shafe saman sumul kamar daɓe, yadda take koya wa ɗalibanta yin komai da tsafta. Ta saka tasar a wurin ƙanƙara, ta rufe.

Ta ɗauko madarar gwangwani mai sanyi, ta juye a kwano, ta kama burga ta da maburgi. Aiki ne mai cin hannu. A hankali madarar ta fara kumfa tana tasowa. Rana ta take, unguwa ta yi tsit, ko kukan akuya babu. Ƙarar maburgi ce kawai, sai gurnanin firij a jikin bango.

A cikin gurnanin nan ne ta ji wani sauti daban. Kamar mutum yana rera waƙar coci ta hanci, bakinsa a rufe, yana jan ƙarshen kowane baiti. Haka Irmiya yake yi duk lokacin da hannunsa yake kan aiki. Ta tsayar da maburgi. Gurnanin inji ne kawai. Ta ci gaba da burgawa, sautin ya dawo, kusa da kafaɗarta ta hagu.

"Zafi ne," ta faɗa a fili. Muryarta ta yi mata baƙunta a ɗakin.

Ta zuba kindirmo a cikin kumfar, da sukari kaɗan, ta matsa lemun tsami, ta juya a hankali don kada kumfar ta kwanta. Ta ɗanɗana. Ba shi da nauyi ko kaɗan, yana taɓa harshe yake ɓacewa. Sannan ta buɗe firij ta jawo tasar.

A tsakiyar biskit ɗin da ta shafe sumul, akwai shatar babban yatsa.

Ta daɗe tana kallonta. Irmiya ba ya zuba askirim sai ya danna babban yatsansa a tsakiya, ya ji ko ƙasan ya ɗaure. Ya taɓa gaya mata, ta ce, "Ranar da Baturiya ta gan ka, ka bar aikin nan." Ya ce, "Ai askirim zai rufe."

Ta kai nata yatsan ta sa a ramin. Ya shige da sauran wuri ta kowane gefe. Ta dubi ƙofa, sakata tana nan yadda ta bar ta. Ta ɗaga kwanon, ta kwarara farar kumfar a kai har shatar ta ɓace, ta barbaɗa sauran garin biskit, ta mayar cikin sanyi. Ba ta iya zama a ɗakin ba. Ta sa riga ta fita tsakar gida, ta zauna a 'yar inuwar katanga, gumi yana bin bayanta, har aka kira la'asar.

Kek ɗin ya ɗaure tsaf. Ta tsoma wuƙa a ruwan ɗumi ta yanka, ta rufe da faranti, ta yafa gyale ta zagaya gidan Alhaji.

Yana kwance a kan katifa a ƙasa, fanka tana kaɗawa a kansa. Mutumin da ta sani da ƙiba da fara'a ya koma ƙashi da fata. Ta durƙusa daga gefe.

"Sannu, Alhaji. Yaya ƙarfin jiki?"

"Da sauƙi, Malama. Allah shi yi miki albarka."

Hajiya ta tallafo kansa ta ba shi cokali ɗaya. Ya lumshe ido, ya bar shi ya narke a bakinsa, ya sake buɗe baki. Sai da ya sha fiye da rabin yankan. Hajiya tana ba shi tana share hawaye da gefen mayafi.

"Wanga abu ya kashe wutar," in ji shi. Sannan ya ɗaga ido ya dubi bayan Asabe, ya yamutsa fuska. "Hajiya, ba ku ba baƙo tabarma?"

"Wane baƙo, Alhaji?"

"Wanda Malama ta taho da shi. Ga shi nan tsaye bakin ƙohwa. Dogo, da hwarar riga mai maɓallai. Shina da tabon ƙuna ga hannu."

Asabe ba ta waiwaya ba. Man suya ne ya taɓa fallatsar wa Irmiya a bayan hannun dama, tun kafin su yi aure, kuma ba ta taɓa faɗa wa kowa a garin nan ba. Ta ji ƙeyarta ta yi sanyi kamar an buɗe firij a bayanta.

"Malama," in ji dattijon, a hankali, kamar yadda yake yi wa mai ciniki magana in yana so ya rage masa, "mutumen ga ya daɗe tsaye. Ya gaji. Ki sallame shi ya tahi."

Ya mayar da kansa kan matashi, barci ya ɗauke shi.

Hajiya ta rako ta har zaure, tana riƙe da hannunta. "Kada ki sa ma ranki komi, ɗiyata, zahin ciwo ne. Tun jiya shika gaisawa da mutanen da sunka rasu. Har uwatai ya gani, da ƙanenai da ruwa ya ci tun muna..." Sai ta kai hannu bakinta. Suka tsaya suna kallon juna.

"Na ji, Hajiya," in ji Asabe. "Gobe zan kawo masa sauran."

Ta kai masa washegari, da ranar da ta biyo. Shi ne abincinsa na ƙarshe. Bai sake maganar baƙo ba. Kafin mako ya zagayo Allah ya yi masa rasuwa, aka yi masa wanka, aka sallace shi, aka kai shi makwancinsa tun rana ba ta yi zafi ba. Asabe ta zauna cikin mata 'yan zaman makoki, tana kallon yadda ake shigowa ana durƙusawa gaban Hajiya ana cewa Allah ya jiƙansa, ita kuma tana amsawa. Ta tsinci kanta tana sha'awar wurin zaman Hajiya, wadda ta san inda mijinta yake kwance, har kunya ta kama ta.

Da aka ba da hutun makaranta, ta kulle ɗakinta ta shiga mota. Ta bi ta Gusau da Zariya, ta kwana a Kaduna wurin wata 'yar'uwa, washegari ta sauka Kagoro da yamma. Ta tarar da surukarta, mahaifiyar Irmiya, a tsakar gida tana sheƙar acca. Tsohuwar ta kare ido da hannu tana duban mai shigowa, ta kuma leƙa bayanta, kamar yadda take yi duk zuwan da Asabe ta yi tun bayan yaƙi.

Asabe ta ajiye jakarta, ta durƙusa. "Mama, ni kaɗai ce. Ba zai dawo ba."

"Wani ya zo da labari?"

"Babu wanda ya zo, Mama. Amma na sani."

Tsohuwar ta ajiye faifan a hankali. Ta daɗe tana kallon dutsen da ke bayan gari.

"Ni ma na sani," in ji ta. "Ke nake jira. Ban so in riga ki faɗa ba."

Ta aika aka kira fasto da dattawan gidan. Kafin rana ta faɗi mata sun fara shigowa, kowace da kujerarta a hannu. Aka shimfiɗa wa Asabe tabarma a tsakiya, kusa da tsohuwar. Wata ƙanwar Irmiya ce ta fara ɗaga murya, sauran suka amsa. Asabe ta kifa kanta a cinyar surukarta ta yi kuka har muryarta ta dishe.