Inda Aka Kwantar da Sadia

Hawawu mai koko ta unguwar Sakasaka a Tamale tana cikin juya ƙosai ta ji a rediyo cewa ruwan madatsar lantarkin da ake ginawa a arewa zai cinye ƙauyen da ta yi zaman aure. Masu aikin sun zauna da dattawa, sun ce duk mai mamaci ya zo ya nuna kabari, a tone a mayar kan tudu.

Wai a nuna! Sai ka ce mace tana bin gawa. Ranar da 'yarta Sadia ta rasu, ko tafiya ba ta fara ba, mijinta Dramani ne ya ɗauke ta ya fita da maza, ita kuwa aka riƙe ta a ɗaki. Ba a rubuta suna a kabari. Ba ta kuma taɓa tambaya ba, don a ganinta ƙasa ba ta zuwa ko'ina. Dramani ya rasu a Tamale da abin a cikinsa.

Ta sauke tukunya, ta hau lori.

Tsoho Imoru kaɗai ya rage cikin waɗanda suka yi jana'izar. Ya kai ta gindin wata kaɗanya, ya dangwara sanda. "Nan ne, 'yata. Ni na sa ta da hannuna."

Sai dai wata tsohuwa, Azeta, ta riga ta zama a wurin.

"Yarona ne a nan," in ji Azeta. "Imoru ya nuna mini jiya."

Imoru ya sunkuyar da kai. Ya manta tuntuni. Tausayi ya hana shi cewa bai sani ba, duk uwar da ta zo, nan yake kawo ta.

Ma'aikata suka tona. Ƙasusuwan yaro ɗaya ne, ba su cika tafi biyu ba. Aka naɗe su a farin ƙyalle, aka tsaya ana kallon matan. Azeta ta miƙa hannu.

"Ɗauki, naki ne," in ji Hawawu, ba don ta yarda ba. Zuciyarta ta karye, amma ba za ta iya jayayya a kan ƙashin jariri ba.

Da aka watse, ta tsaya a tsakiyar maƙabartar. Ta dubi gabas, ta dubi yamma, duk ciyawa ce.

"Sadia," ta ce da ƙarfi, "ruwa yana zuwa. Ban san inda zan juya in gaya miki ba."